Buhun soda ko kanwa da farar ƙasa: wanne ya fi wa mai sabulu a Damagaram?

Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 wata tambaya ta shiga bakin masu haɗa sabulu a Damagaram, har yau kuma ba ta fita ba: shin sodar nan ba ta yiwuwa a gida? A watannin nan kaya sun daina zuwa daga Kano yadda aka saba, buhun kostik, wato sodar haɗa sabulu, ya yi wuyar gani, wanda ke da shi a shago kuma ya tsuga masa kuɗi son ransa. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024, kasuwa ta ɗan lafa, amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ni yayata ce ta kawo mini tambayar har gida. Tana cikin wata ƙungiyar mata masu sabulu a Zango, ni kuwa na yi shekaru ina koyar da yara ilimin sinadarai. Ta zauna a kan tabarma, ta kwance bakin zane ta fito da dunƙulen jar kanwa ta ajiye a gabana.

"Malam ƙarami, ga abu har ya yi mana yawa a ƙasar nan, raƙuma ma lasa suke yi. Kana nufin duk bokon nan naku bai san yadda za a mai da shi soda ba?"

Na ce, "Yaya, ya sani sarai. Abin da ban yarda da shi ba tukuna shi ne ya fi miki araha."

Abin da ke biye lissafin da muka yi ne a ranar, da wanda na ƙara daga baya. Galibin masu sana'ar mata ne, don haka da ke nake magana, Hajiya.

Kanwa da kostik 'yan gida ɗaya ne, sinadarin sodiyom ne a jikin kowanne. Bambancinsu kaifi. Kanwa wuƙa ce dakusasshiya: tana nuna wake, tana tsinka tsamin kunu, amma ba ta da ƙarfin da za ta kama mai ta juyar da shi sabulu mai tauri cikin sauƙi. Abin da ya dakusar da ita shi ne kabonet, wato iskar nan da muke fitarwa in mun numfasa, wadda ta sarƙe a jikinta. Ƙonanniyar farar ƙasa ita ce dutsen washi. In aka haɗa su cikin ruwan zafi, sinadarin kalsiyom na farar ƙasa sai ya fizge kabonet ɗin, su dunƙule su koma alli, su kwanta a gindin tano. Ruwan da ya tsaya a sama shi ne ruwan soda mai kaifi. Da wannan dabarar aka yi ta dafa sabulun Marsai a Faransa shekaru aru-aru, kafin a fara samar da kostik ta hanyar ratsa ruwan gishiri da wutar lantarki a ƙarshen ƙarni na 19. Sodar da ke cikin buhun da kike saya ta wannan sabuwar hanyar aka yi ta.

Manyan masu wannan washi a yau masana'antu biyu ne, na takarda da na tace alumina. Na biyun zan ɗan tsaya a kansu, domin a wurinsu na ga amsar da ta fi dacewa da yayata.

Alumina farin gari ne da ake narkarwa a fitar da alminiyom, ƙarfen tukwanen da muke kira na dalma. Daga wani jan dutse mai suna boksit ake samunsa, kuma ƙasar Gini na sahun gaba a duniya wajen arzikinsa. A garin Firiya na can aka buɗe matatar alumina ta farko a Afirka a 1960. Hanyar tacewar wani masani ɗan Ostiriya ne, Karl Bayer, ya fito da ita a wajajen 1888 yana aiki a Rasha. Ana niƙa dutsen, a dafa shi da ruwan kostik a cikin rufaffun tukwane masu matsi, zafi daga digiri 140 har ya haura 240 gwargwadon irin dutsen. Soda ta narkar da alumina, ta bar tsatsa da yashi su kwanta su zama jar laka. Sai a tace, a sanyaya, alumina ta fito kamar ƙanƙara, ruwan sodar kuma a mai da shi ya sake dafa wani dutsen. Haka yake kewayawa dare da rana.

A wannan kewayen ne sodar ke dakushewa. Ruɓaɓɓen saiwa da ganye da suka biyo dutsen suna narkewa su zama kabonet, iska ma tana ƙara nata duk inda ruwan ya buɗe. A hankali sai ka ga sodiyom na nan a cikin ruwa amma ba ya aiki, kamar ma'aikacin da ke zuwa ofis yana karɓar albashi yana gyangyaɗi. Nan farar ƙasa ke shigowa.

Suna da hanya biyu. Ko a zuba ta kai tsaye a cikin babbar tukunyar dahuwa, ko a ja wani ɗan reshe na ruwan a gefe a yi washin a can. Ta farko ba ta son ƙarin kayan aiki, amma ruwan can yana da kauri ƙwarai, ga shi cike da narkakkiyar alumina. A irin wannan ruwan farar ƙasa ba ta tsayawa kan kabonet, sai ta kama alumina su haɗu su zama wani gari da ke bin jar laka zuwa juji. Asara biyu ke nan, an rasa farar ƙasa an rasa abin da ake nema. Shi ya sa matatu da yawa suka fi son reshen gefe: ruwan da aka ɗauraye jar laka da shi, wanda ya tsinke, a ɗumama shi kusa da tafasa, a zuba kunun farar ƙasa ana motsawa. Ko a hakan ma ba duka farar ƙasar ke yin aikin da aka sa ta ba, wani kaso mai yawa yana salwanta.

Abu uku na ɗauko daga wurinsu. Washi a tsinkakken ruwa yake kamawa. Yana son zafi da motsi. Na ukun ya fi nauyi: duk da injiniyoyinsu da tukwanen ƙona dutse da wasunsu ke da su a cikin gida, matatun nan ba su daina sayen sabuwar soda ba. Akwai zamanin da wasu suka riƙa sayen kabonet suna wasa ta da kansu saboda ta fi araha a inda suke, amma aikin farar ƙasa na yau da kullum ceto ne, dawo da sodar da ta riga ta dakushe.

To mu dawo tsakar gida mu auna.

A ce za ki haɗa sabulu da mai kilo 10, manja ko narkakken kitse. Kowane kilo yana cin kusan giram 140 na kostik. Man gyaɗa giram 136 ne, man kaɗanya 128, man alayyadi ya fi su duka ci. Kilo 10 ke nan yana son soda kilo 1 da giram 400, a narka cikin ruwa lita 3 da ɗan ɗori. Da sikeli da bokitin roba da muciya kin gama, ba ki hura wuta ba sai ta narka kitse. Buhu mai kilo 25 zai kai ki mai kusan kilo 178. Babbar falalar buhu ita ce kin san abin da kika zuba: in sabo ne a rufe, kusan dukkansa soda ce zalla, abin da kika auna jiya shi za ki auna gobe, sabulun wannan mako ya yi daidai da na makon jiya. Mai saye a kasuwar Dole ba ta san lissafi ba, amma hannunta ya san sabulun da ya ci mata fata, kuma ba za ta dawo ba.

Yanzu a nemi wannan kilo 1 da giram 400 daga kanwa. Sinadarin da ke da amfani a cikin kanwa mai kyau, irin su ungurnu, ana kiransa torona. Kilo ɗaya na zallarsa, in komai ya tafi daidai ba asarar ko ɗigo, soda giram 530 yake bayarwa, yana kuma cin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, wato wadda aka ƙona aka jiƙa, giram 650. Don haka kina buƙatar torona kilo 2 da giram 600 da ɗoriya, da farar ƙasa kusan kilo 1 da giram 700. Wannan lissafin allo ne. Kanwar da ake kankarowa a tafkunan Gidimuni da kwarurrukan Gure zuwa Maine Sorowa ba zalla take zuwa ba. Akwai yashi da laka a ciki, akwai gishirin miya, akwai wani gishiri mai ɗaci da ake kira salfet, wanda farar ƙasa ba ta iya wasa shi. Buhu biyu daga rami ɗaya ma sukan bambanta. In rabin kanwarki ne mai amfani, kilo 5 zuwa 6 za ki jiƙa. Akwai wata 'yar dabara: in kika daka kanwar kika soya ta a busasshen kaskon ƙarfe kafin ki jiƙa, kina rage rubu'in farar ƙasar da za ta ci, domin wuta ta kori wani sashe na iskar da ke jikinta.

Sai ruwa, kuma a Damagaram ba a ambaton ruwa da wasa. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma duk wadda ta taɓa zaman jiran ɗan garuwa a watan Afrilu ta san kuɗin bido. Na ce washi a tsinkakken ruwa yake kamawa. Dalili shi ne, yayin da ruwan ke ƙara kaifi farar ƙasa na daina narkewa a cikinsa, aikin sai ya tsaya a hanya. In kika narka kabonet kilo 1 a ruwa kusan lita 9, fiye da kashi 90 cikin 100 zai juya. In kika ce bari ki yi rowar ruwa ki kaurara, kason da ke juyawa sai ya ragu, ragowar kanwar ta bi ki cikin sabulu ta fito masa fari-fari a jiki. Ruwan sodar da za ki samu a hanyar da ta dace kashi 7 cikin 100 ne ƙarfinsa. Sabulun sanyi, wanda ake zubawa a kwali ko akwatin katako a yanka, kashi 30 yake so. Ma'ana ki fara da ruwa lita 19, ki tafasa har lita 15 su tashi sama.

Na zauna na lissafa wutar. Ƙone lita 15 na ruwa a murhun duwatsu uku, inda mafi yawan zafin ke bin iska, zai ci itace wajen kilo 20. Da gas kuwa kusan kilo 2, sulusin ƙaramar kwalba mai kilo 6. Duk wannan don a maye gurbin sodar da ba ta cika kwano ba. In aka faɗaɗa lissafin zuwa buhu guda: torona zalla kilo 47, ko kanwar kasuwa da za ta iya kai kilo 90 zuwa 100, farar ƙasa kilo 31, ruwa ya haura tano ɗaya da rabi, itace ya haura kilo 300 ko gas kusan kwalba shida. Ki tambayi farashin kowanne a yau, ki haɗa, ki ajiye kusa da kuɗin buhun soda, ki ɗora kwanakin aikinki a kai. Da na karanta wa yayata wannan jerin ta yi shiru, can ta ce, "Ashe tsadar tana cikin murhu."

Kalmar farar ƙasa ita ma tana ruɗa mutane, kuma a nan gwaji da yawa ke mutuwa tun ba a fara ba. Abu uku ne ke amsa sunan. Akwai ɗanyen dutse ko farar laka irin ta shafen ɗaki, wannan ko shekara ya yi a cikin ruwan kanwa ba abin da zai yi, domin shi kansa alli ne. Akwai wanda aka ƙona: dutse irin wanda ake haƙa a Malbaza ta jihar Tawa don yin siminti, in ya sha wuta wajen digiri 900, kilo 100 ya koma kilo 56. Akwai kuma ƙonannen da aka jiƙa ya zama gari ko kunu. Biyun ƙarshe ne ke washi. Ranar da na fara jiƙa ƙonannen a gaban matan ƙungiyar, na sa dunƙule kamar kan yaro a tsohon bokitin ƙarfe na zuba ruwan randa. Ya ɗan yi shiru kamar ba abin da zai faru, har wata ta fara dariya. Sai ya soma tsaki, ya tsage, tururi ya tashi, ruwan sanyi ya hau tafasa ba wuta a ƙarƙashinsa, dunƙulen ya kumbura ya ruguje ya zama farin kunu. Wata tsohuwa ta ja jikarta baya tana salati. Gaskiyarta, feshinsa a ido na iya makantarwa.

Jiƙaƙƙiyar kuma tana tsufa. In buhunta ya daɗe a buɗe, iska ta mai da ita alli, kamanninta na nan amma ƙarfin ya tafi. Gwajin da nake koya wa yara shi zai fisshe ki: ki kaɗa cokali ɗaya a kofin gilashi na ruwa, ki bari ya kwanta, ki tsiyaye tatattcen a wani kofi, ki hura numfashi a ciki da tsinken shan lemo, hurawa kawai ba zuƙa ba. In ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, tana da rai. In ya tsaya garau, alli aka sayar miki.

Akwai inda ake samunta kusan kyauta. Masu walda da kabaid, farin tabon nan da suke kwalfewa daga tukunyar gas ɗinsu suna zubarwa bayan rumfa, jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce. A baza shi a fili nesa da wuta har ya daina kumfa da warin tafarnuwa, domin ragowar kabaid na fitar da iska mai kamawa. Yana da dauɗar wasu sinadarai, don haka ni ba zan sa shi a sabulun wanka ba, sai na wanki.

Kada a ce na danne wa kanwa haƙƙi. Duk wahalar ƙone ruwa da na lissafa ta sabulun sanyi ce. Sabulun dahuwa, irin na Marsai, da tsinkakken ruwan soda ake fara shi, ya ma fi kamawa da shi. Ana dafa mai ana ƙara ruwan sodar kaɗan-kaɗan ana tuƙawa har ya yi danƙo, sannan a watsa gishiri. Sabulun sai ya rabu ya taso sama kamar cuku, ruwan da ya rage ya kwanta ƙasa ya tafi da dauɗa da rarar soda. Wannan hanyar tana yafe kuskure: ko ba ki san ainihin ƙarfin ruwanki ba, rarar ba ta zama a cikin sabulu. Aibinta wuni guda a bakin wuta, sannan sinadarin gilisarin mai laushin fata yana bin ruwan ƙasa, sabulun ya fito ya fi dacewa da tufafi. Macen da ke zaune kusa da tafkin kanwa, ruwa na nan a gindin dabino ba sai ta saya ba, karan gero na jibge a bayan gida bayan girbi, kuma sabulun wankin iyali da na maƙwabta take nema, ita kam lissafin na iya juyawa ya goyi bayanta, in dai ta sami farar ƙasa mai rai. Farar ƙasar ce za ta fi ba ta wuya, ba kanwar ba.

Ruwan toka kuwa, wanda kakanninmu ke tatsa daga tokar kara su yi sabulun salo, wani gida ne daban. Sinadarinsa fotasiyom ne, sabulunsa laushi gare shi ko an wasa shi da farar ƙasa. Yana da kasuwarsa da masoyansa, amma ba ya maye gurbin sabulun yanka.

Ta fuskar haɗari ba wanda zan ba lambar yabo. Sodar buhu kamar sukari ko gishiri take a idon yaro, ruwanta kuma garau kamar na sha. Yaron da ya kurɓa, maƙogwaronsa ke ƙonewa, daga baya ya tsuke har ruwa ya gagara wucewa, jinyar shekaru ce. Ruwan kanwar da aka wasa shi ma haka yake, ya ma fi daɗewa a tsakar gida, tano a buɗe ana jiran ya kwanta kwana guda. Kada a taɓa zuba ko wanne a robar ruwan sha ko kwalbar lemo. In ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na minti 20. In an sha, kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko tsamiya, a nufi asibiti nan take. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Allin da ya kwanta a gindin tano ma yana riƙe da kaifi, a ɗauraye shi, ruwan ɗaurayar a jiƙa kanwar gaba da shi, sannan a binne inda akuya da yara ba sa kaiwa. Matatun alumina da kansu jar lakarsu ce babban ciwon kansu: a watan Oktoban 2010 madatsar wata matata a Ajka ta ƙasar Hangari ta fashe, lakar ta malale ƙauyuka, mutum 10 suka mutu.

Sai tukunya. Wata daga cikin matan, kafin mu haɗu, ta gwada ƙone ruwan sodarta a tukunyar dalma ta biki, mai cin tiya biyar. Na ga tukunyar. Cikinta ya yi baƙi ya yi kaushi kamar harshen sa, da na ɗaga ta saitin rana sai ga haske na shigowa ta ƙananan huji a gindi. Ta ce tun ruwan bai tafasa ba ya fara wata kumfa mai launin toka. Ƙarfin da ke sa soda ta narkar da alumina daga dutsen Gini shi ne ya cinye mata tukunya, kumfar kuma iskar haidirojin ce, mai kama wuta. Rabin tano na baƙin ƙarfe, ko tukunyar silba ta gaske wadda ba ta tsatsa, ko roba mai kauri in ba a kan wuta ba, su ne kayan aikin. Kwanon da aka yi wa ruwan tutiya, irin bokitin kwano, shi ma soda na cin sa.

Abin da na ba yayata shawara a kai bai zama ɗaya daga cikin biyun zalla ba, kwaikwayon reshen gefe ne na matatun alumina. Ke da ke cikin gari kina yin sabulun yanka na sayarwa, ki riƙe buhunki. Amma lita 3 da ɗoriyar nan da kike narka soda a ciki, ba dole ne su zama ruwan famfo ba. In kika sa ruwan kanwa da aka wasa mai ƙarfin kashi 7, ya riga ya zo da soda wajen giram 240, sai ki cike da ta buhu kilo 1 da giram 160. Kin rage kashi ɗaya cikin shida na abin da kike saye, ba ki ƙone ko lita ɗaya ba. Buhu biyar sun yi aikin shida. Wutar da za ki hura ta ɗumama ruwan washin ce kawai, awa ɗaya zuwa biyu kina motsawa, sannan ki rufe ya kwana. Ki tsiyaye a hankali, ki tace da ƙyalle mai kauri, domin farar ƙasar da ta biyo ruwa tana kashe kumfar sabulu.

Sanin ƙarfinsa da sikeli ne. Lita ɗaya ta ruwan famfo kilo 1 ce. Lita ɗaya ta ruwan soda mai kashi 7 tana kai kilo 1 da giram 75, mai kashi 10 kilo 1 da giram 110, mai kashi 30 kilo 1 da giram 330. Gishirin da ke cikin kanwa yana ƙara nauyi, don haka sikeli zai nuna miki ƙarfin da ya ɗan fi na gaskiya. Kuskuren ta gefen lafiya yake faɗawa, sabulun ya ɗan fi maiƙo maimakon ya ci hannu. Don ki san ko washin ya kammala, ki ɗiga ɗigo kaɗan na ruwan a cikin rabin kofi na ruwan lemon tsami: in ya yi ta tsiyayar kumfa, da sauran kanwa, ki ƙara farar ƙasa ki maimaita. Ki fara da mai kilo ɗaya kafin ki sa jarin ƙungiya, domin kanwa mai gishiri da yawa tana sa sabulu ya yi ta gutsurewa wajen yanka.

Wannan reshen yana da wani amfanin da ban yi tunaninsa ba sai da na leƙa ɗakin ajiyarsu. Soda na shan damshin iska, tana shan kabonet, daidai cutar da ke damun matatu. Buhun da aka bari bakinsa a sake ya ratsa damina, samansa kan yi farin ɓawo mai tauri. Ɓawon nan soda ce da ta koma kanwa, kanwa kuma mafi tsabta da za ki taɓa samu, ba yashi ba gishiri. In kika auna shi a matsayin soda sabulunki ba zai kama ba, in kika zubar kin zubar da kuɗi. Ki kankare shi daban, ki narka kilo 1 a ruwa lita 9, ki ba shi jiƙaƙƙiyar farar ƙasa giram 700, ki bi da shi yadda na faɗa. Sauran buhun kuma ki juye a bido mai murfi ki ɗaure bakin da leda.

A ɗakin nasu na tarar da ragowar buhu uku da suka yi irin wannan ɓawon, an tura su lungu tun bara ana cewa sun mutu. Da su muka fara, ba da jar kanwar da ta kawo mini ba. Yayata ta aiki ɗanta da bokiti wurin wani mai walda a bakin tasha, muka yi gwajin hura numfashi ruwan ya yi fari, muka wasa lita 18 a rabin tano. Sabulun wanki na farko da aka yi da shi yana kan katako a ƙarƙashin gadonta yana shan iska, sai ya cika mako huɗu za ta kai wa matan su gwada a kan kayan makarantar yara. Dunƙulen kanwar kuwa ta ɗauke abinta, ta ce wake za ta dafa.